Motar Igiya da 'Yan Awon Igiya

Ina da ɗan yaya da ke aikin gadi a wani kamfani a Wuse, cikin Abuja, amma a Masaka yake kwana, can cikin jihar Nasarawa. Bara wani taro ya kai ni Abuja, na bar otal na sauka a wurinsa kwana biyu. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na ji motsin buta a tsakar gida. Kafin a ta da sallah a masallacin unguwa ya riga ya kai bakin titi, asubarsa kullum a hanya take riskarsa. Rana ta biyu na ce sai na bi shi na gani da idona.

Duhu bai yaye ba, amma bakin titin ya cika maƙil: mata masu sharar ofisoshi, leburori da shebur a kafaɗa, 'yan makaranta da barci bai sake su ba, ma'aikata sun ƙunshe takalman ofis a leda saboda ƙura. Duk motar da ta rage gudu sai a yi kanta a guje, mai ƙarfi ya shige, mai rauni ya koma gefe ya jira ta gaba. Na ga wata dattijuwa da za ta yi sa'ar mahaifiyata an bangaje ta sau biyu, a na uku ko yunƙurawa ba ta yi ba. Mu da muka samu shiga, huɗu a baya biyu a gaba, muka yi ta jan ciki daga Mararaba zuwa Nyanya. Tafiyar da ba ta fi ta minti arba'in ba in hanya a sake take, ta cinye mana fiye da awa biyu. Da muka sauka ya dube ni ya ce, "Kawu, ai aiki biyu nake yi. Ɗaya ana biyana, ɗayan kuma ni nake biya."

Maganar nan ta zauna mini a rai. In ana lissafin talauci, albashi da farashin masara ake dubawa, ba kasafai ake sa awa huɗun nan da hanya ke karɓa daga hannun mutum kowace rana ba. Su ne lokacin da zai zauna da 'ya'yansa, ko ya koyi wata sana'a, ko ya je gaida mara lafiya, ko dai ya runtsa. Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu labarin wani birni mai nisa da mu, wanda ya ɗauki wannan asarar da gaske har ya yi mata magani.

Medelin shi ne birni na biyu a girma a ƙasar Kolambiya, a Kudancin Amurka. A cikin kwari yake kwance, kogi ya ratsa tsakiyarsa, duwatsu sun yi masa ƙawanya gabas da yamma. Masana'antu da kasuwanni da ofisoshi da manyan asibitoci duk suna ƙasan kwarin. Tun daga wajejen 1950 mutanen karkara suka riƙa kwararowa, wasu neman aiki a masaƙun birnin, wasu kuma gudun yaƙin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ƙauyuka. Ƙasa ta cika, sai suka hau dutse. Kowa ya share inda ya samu ya aza jan bulo da kwano, gida kan gida, ba titi ba lambatu ba tsari. A nan gida da awon igiya za mu kira irin waɗannan unguwanni, sai dai su nasu a tsaye yake a jikin gangare.

Abin da ya biyo baya duniya ta ji shi. Daga cikin samarin waɗannan tsaunuka Pablo Escobar da sauran dillalan hodar iblis suke ɗiban 'yan bindigarsu. A shekarar 1991 kaɗai an kashe fiye da mutum 6,000 a birnin, alhali jama'arsa a lokacin ba su kai miliyan 2 ba. An kashe Escobar a watan Disamba na 1993, amma tabon bai tafi da shi ba. Matashin da ya fito daga unguwar Santo Domingo ko Popular, in ya je neman aiki sai ya ɓoye adireshinsa, don ya san da an ji sunan unguwar an rufe takardarsa. Wanda ya girma a Kano ya san wannan, don mu ma akwai unguwannin da in ka ambace su da dare mai adaidaita sahu zai ce maka ba can ya nufa ba.

A 1995 birnin ya buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, irinsa na farko a ƙasar. Jirgi ne mai kyau da tsabta, amma ƙasan kwari yake bi, gefen kogi. Mutumin kan dutse yana hango shi daga ƙofar gidansa kamar zare, kafin ya kai gare shi kuwa sai ya sauko ɗaruruwan matakalai, ko ya jira ƙananan bas da ke hawa da kyar ta lunguna masu lanƙwasa, ya biya kuɗin mota sau biyu. Jirgi ba ya hawa irin wannan gangare, faɗaɗa titi kuma yana nufin rushe dubban gidaje.

Sai injiniyoyin kamfanin jirgin suka waiwayi wata na'ura da Turawa suka daɗe suna amfani da ita wajen kai masu wasan zamiya kan tsaunukan ƙanƙara. Akwatuna ne masu tagogin gilashi, rataye a jikin igiyar ƙarfe mai kauri da injin lantarki ke juyawa ba tsayawa, bisa dogayen turaku. In akwati ya iso tasha sai ya saki igiyar ya rage gudu, ya koma tafiya a hankali yadda tsohuwa da sanda ko mai goyo za ta taka ta shiga ba tare da an tsayar da komai ba, sannan ya sake kama igiya ya wuce. Tun da turaku ne kawai ke taɓa ƙasa, gidajen da za a tasa kaɗan ne. A 2004 aka buɗe layin farko, wanda suke kira layin K, aikin kamfanin Poma na Faransa. Tsawonsa kilomita 2 ne da ɗoriya, daga tashar jirgi ta Acevedo ya hau kusan mita 400 ta Andalucía da Popular ya tuƙe a Santo Domingo. Kowane akwati yana ɗaukar mutum 10, layin kuma yana iya kwashe kimanin mutum 3,000 a awa ta kowane ɓangare. Kuɗin aikin bai kai dala miliyan 30 ba.

Ga inda hikimar take a ganina, kuma shi ne abin da masu ɗaukar hoton akwatunan nan suke tsallakewa. Ba a bar motar igiyar ta tsaya ita kaɗai ba, an ɗaura ta ne a jikin jirgin ƙasa. Matar da ta shiga akwati a Santo Domingo, cikin kamar minti goma tana Acevedo, ta taka 'yan matakalai ta shiga jirgi, ba ta sake ciro ko sisi ba. Tikiti ɗaya ne, kamfani ɗaya, ma'aikata masu kaya iri ɗaya, tsabtar tashar kan dutse daidai da ta tashar unguwar masu kuɗi. Tafiyar da ke cin awa ɗaya ko fiye zuwa tsakiyar gari ta dawo kusan rabin awa, kuɗin mota biyu ya koma ɗaya. Ba a ƙirƙiro wata motar talakawa daban aka ce su yi maneji da ita ba. Abin da ɗan birni ke hawa, shi aka miƙa har ƙofar gidansu.

An fara aikin ne a zamanin magajin gari Luis Pérez, aka buɗe shi a zamanin wanda ya gaje shi, Sergio Fajardo, malamin lissafi a jami'a wanda ya riƙe birnin daga 2004 zuwa 2007. Fajardo da masu tsara birni da ya jawo kusa, irin su Alejandro Echeverri, sun fahimci cewa igiya a sama ba za ta gyara ƙasa ba sai an sauko an yi aiki. Ƙarƙashin turakun da kewayen tashoshin suka shimfiɗa hanyoyin ƙafa da fitilu, suka yi filayen wasan yara, suka gyara makarantu, suka buɗe ofisoshin ba ƙananan 'yan kasuwa shawara da rance. Suka gina gadojin ƙafa a kan kwazazzaban da suka raba unguwanni, har da waɗanda matasansu ba sa ga maciji da juna. A 2007 aka buɗe wani katafaren ɗakin karatu a Santo Domingo, Biblioteca España, wanda a lokacin ake hangowa daga ƙasan kwari kamar baƙaƙen duwatsu uku. Aƙidarsu ita ce gini mafi kyau a kai shi unguwar da aka fi mantawa da ita. Kuma ba a ofis kaɗai aka zana taswirar ba, an yi ta zama da mutanen unguwa suna faɗin inda suke so a sa matakala da inda ruwa ke cin gida. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Sakamakon bai tsaya a bakin 'yan siyasa ba, masana sun auna shi. Wani bincike da Magdalena Cerdá da abokan aikinta suka wallafa a 2012 a mujallar American Journal of Epidemiology ya kwatanta unguwannin da motar igiya da ayyukan da suka biyo ta suka shiga, da makamantansu da ba su samu ba, tsakanin 2003 da 2008. Kisan kai ya ragu a duka ɓangarorin biyu, domin a shekarun ne wasu ƙungiyoyin 'yan bindiga suka ajiye makamai, amma raguwar ta ɗara da kashi 66 cikin 100 a inda aikin ya shiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Lungun da ke da fitila da masu wucewa da mai shayi da mai sayar da katin waya har ƙarfe goma na dare, ɓata-gari ba ya sakewa a cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa tsagar suka bi suna liƙewa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, har ya sa ni kishi, shi ne ɗorewa. Magadan gari sun zo sun wuce, wasunsu abokan hamayyar juna ne na gaske, amma ba wanda ya ce aikin wane ne, a bar shi ya ruɓe. A 2008 aka buɗe layin J daga San Javier, a 2010 layin L zuwa dajin shaƙatawa na Arví, aka ci gaba har zuwa layin P a 2021, layi shida ke nan. A unguwar Comuna 13, inda sojoji suka yi ƙazamin samame a 2002, an kafa matakalan lantarki masu tafiya da kansu a fili a 2011, tsawon mita 384, hawan da ke cin rabin awa ya koma na 'yan mintuna. Kuɗin kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Birnin yana da kamfaninsa na wuta da ruwa da iskar gas, EPM, wanda ke cin riba yana zuba wani kaso mai tsoka a baitulmalin birni kowace shekara. Birnin da ya iya riƙe wutarsa da ruwansa shi ya iya rataye mutane a sama ba tare da fargabar ɗaukewar wuta ba.

Ba na son in yi wa mai karatu kwalliyar da ta wuce gaskiya. Ɗakin karatun nan da aka yi ta yabo an rufe shi a 2015 saboda kurakuran gini, ya shafe shekaru a rufe yara suna wucewa ta gabansa. Da asuba layi kan yi tsawo a tashoshin layin K har wasu su haƙura su koma bas. Mai tallan kayan miya da buhu biyu ba zai shiga akwati da kayansa ba, wanda kuma gidansa ke nesa da tasha amfaninsa kaɗan ne. Har yau 'yan daba suna karɓar kuɗin dole daga hannun masu shaguna da direbobi a unguwanni da dama. A watan Yuni na 2024 wani akwati ya faɗo a tashar Popular, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata. Talauci bai bar kan dutsen ba. Amma mutumin Santo Domingo na yau yana faɗin sunan unguwarsa da bakinsa, baƙi daga ƙasashen duniya ma can suke nufa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa ɓoye adireshinsa.

Wasu biranen sun kwaikwaya, kuma a cikin kwaikwayon ne ake gane wanda ya fahimci karatun da wanda ya haddace shi kawai. Birnin Rio de Janeiro na Brazil ya buɗe tasa motar igiyar a unguwannin Alemão a 2011, ana shirin gasar cin kofin duniya ta 2014 da wasannin Olamfik na 2016. Tsawonta kilomita 3 da rabi, tashoshi 6, an kashe kuɗi mai yawa. Sai dai an kafa tashoshin a ƙololuwar tuddai, alhali yawancin jama'a a jikin gangare da gindinsa suke, mutum sai ya hau sama kafin ya samu abin da zai sauko da shi. Mutane suka ci gaba da hawan baburansu da ƙananan motocinsu. A wata unguwar, Rocinha, da aka ce za a kai musu irinta, mazauna suka fito suka ce su lambatu da magudanar ƙazanta suke so. Ana gama wasannin Olamfik kuɗin jihar ya ƙare, a 2016 aka tsayar da na'urar, tashoshin suka zama kufai shekara da shekaru. Na'ura iri ɗaya ce da ta Medelin, amma can don mazauna aka yi, nan kuwa don idon baƙi.

A Bolibiya kuwa abin ya zauna daram. La Paz tana cikin rami ne, El Alto kuma tana bakin ramin a sama, a tudun da ya kai mita 4,000 daga doron teku. Yawancin mutanen El Alto 'yan ƙabilar Aymara ne, 'yan asalin ƙasar da aka daɗe ana yi wa kallon ƙauyawa, kuma su ne ke saukowa kullum su yi dako da gini da aikatau da kasuwanci a La Paz. A 2014, zamanin shugaba Evo Morales, aka buɗe layukan farko guda uku na Mi Teleférico, ja da rawaya da kore kamar tutar ƙasar, aikin kamfanin Doppelmayr na Ostiriya. Yau layi 10 ne, fiye da kilomita 30, babu birnin da ya kai shi a duniya. Jan layin yana sauko da mutum cikin kamar minti goma. A akwati ɗaya sai ka ga 'yar kasuwar Aymara da malafarta da babban siket tana fuskantar lauya mai kwat daga unguwar masu hali, gwiwa na gugar gwiwa, kuɗin da ya biya shi ta biya. Birnin Bogota ya yi wa unguwar Ciudad Bolívar tata a 2018, birnin Meziko kuma ya buɗe layi biyu a 2021, ɗaya a Iztapalapa mai tsawon fiye da kilomita 10, inda mazauna suka bi rufin gidajensu da zane-zane masu launi tun da yanzu ta sama ake ganinsu.

To, mu dawo gida. Kada wani ya karanta wannan ya ce a rataya wa Kano akwatuna. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Gwauron Dutse ba abin hawa. Motar igiya maganin gangare ce da kwazazzabo da ruwa, kuma mutum 3,000 a awa ba komai ba ne a gaban tururuwar da ke fitowa daga Mararaba da Nyanya kowace safiya. Irin wannan hanya manyan bas take buƙata masu layinsu na kansu da ba mai shiga, ko jirgin ƙasa. Legas ta fara irin waɗannan bas tun 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, Darussalam ta Tanzaniya ta bi a 2016, Dakar ta fito da nata masu aiki da lantarki a 2024. Duk biranen Afirka ne masu cunkoso da ƙarancin kuɗi irin namu. In akwai inda na ga igiya za ta yi rana a kusa da mu, to Mpape ce, wadda ke kan duwatsu tana leƙen Maitama, dubban masu yi wa Abuja hidima suna kwana a cikinta, babbar hanya ɗaya tal suke bi su fita su dawo. Motar igiyar da aka sani a ƙasar nan ita ce ta tsaunin Obudu a Kuros Riba, ita ma don masu yawon buɗe ido aka yi ta.

Abin da ya kamata mu ɗauko daga Medelin shi ne tambayar da suka fara yi kafin su taɓa siminti: wa ya fi wahalar isowa cikin gari, kuma me zai kawo shi? Mu tambayar da muke farawa da ita daban ce, ina ne motoci suka fi cushewa? Amsarta kullum gadar sama ce. Ba na ƙin gada, na bi ta Ƙofar Nasarawa da ta Dangi na ji daɗinsu. Amma gada mai mota take yi wa aiki, ta ɗauke shi daga wannan cunkoso ta sauke shi a na gaba. Matar da ke Rimin Kebe ko Gayawa ko can ƙarshen Ɗorayi, wadda naƙuda ta kama da tsakar dare cikin damina, ba gada ce tsakaninta da asibiti ba. Lungu ne da ruwa ya cinye, da rashin abin hawan da zai yarda ya shigo. Yarinyar da ta ci jarrabawar shiga sakandare mai kyau a cikin gari, uban ya lissafa kuɗin adaidaita sahu biyu zuwa biyu dawowa sau kwana ashirin a wata, ya ce ta haƙura da ta kusa ko ta zauna a gida, ba a rubuta ta a cikin waɗanda sufuri ya kora daga makaranta, alhali shi ya kore ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 irin wannan lissafi ya shiga gidajen da a da ba sa yin sa.

Abuja ma ta yi jirginta na cikin gari. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka sake ta da shi a 2024. Yana zuwa filin jirgin sama, yana bi ta Idu zuwa wajen Kubwa. Amma bai leƙa Nyanya da Mararaba ba, inda ɗimbin ma'aikatan birnin suke, kuma tashoshinsa da dama suna nesa da gidajen mutane. Wanda zai hau acaɓa ya je tasha, ya sauka ya sake neman tasi, gara masa ya tsaya bakin titi ya yi kokawar da ya saba, ko da kuwa yana tsoron faɗawa motar 'yan fashin da ake kira 'yan wan cans. Kuskuren Rio ke nan da wata riga. Ƙarfe da siminti sun samu, ɗinkin da zai haɗa su da ƙofar gidan talaka ne babu.

Na san abin da za a ce: masu adaidaita sahu fa, ina za a kai su? Tambaya ce ta gaskiya, don tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013 wannan keken ne ke ciyar da dubban gidaje. Ni ban ga dalilin korar kowa ba. Babbar bas ba za ta shiga lungun Bachirawa ko Sheka ba har abada. Aikinta ta bi manyan hanyoyi, titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja da na Gwarzo, a kan lokaci sananne da farashi sananne, shi kuma mai keke ya kwaso mutane daga lungu ya kawo su tasha. Gajerun tafiye-tafiye da yawa sun fi masa doguwa ɗaya da zai ƙone mai a cunkoson Bata ko Kantin Kwari. Amma sai an zauna da ƙungiyoyinsu tun kafin a sayo bas ɗin, a ba su hannun jari a ciki in da hali. In aka yi musu hawan ƙawara, su da fasinjan duka za su sha wahala.

Za a kuma ce mun sha ganin gwamnatoci sun sayo bas an yi musu fenti da hoton mai girma, bayan shekara biyu suna kan duwatsu a bayan sakatariya. Haka ne, kuma dalilin a fili yake. Sayen mota ake yi, ba a kafa hukumar da za ta riƙe ta. A Medelin kamfanin jirgin yana da injiniyoyinsa da asusunsa, yana rufe kowane layin igiya na wasu kwanaki a shekara don a duba shi ciki da bai, kuma tun shekaru kafin jirgin farko ya motsa suke bi makarantu da unguwanni suna koya wa mutane cewa wannan dukiyarsu ce. Shi ya sa ba ka ganin shara ko rubutu a jikin bangon tashoshinsu. Ba wai jininsu ya fi namu tsabta ba ne, mutanen da aka yi wa shaidar kashe-kashe ne shekara talatin da suka wuce. An girmama su da abu mai kyau, su ma suka girmama shi. Mu ma mun ga yadda 'yan unguwa ke tsaron rijiyar burtsatsen da suka tabbata tasu ce, su yi karo-karo su gyara ta in ta lalace.

Akwai haɗari ɗaya da ya kamata mai tsara irin wannan aiki ya sa a gaba tun ranar farko. Duk inda hanya ta gyaru, kuɗin haya yana bin ta a baya. In ba a ba mazauna awon igiya takardun filayensu ba, ba a kuma tanadi gidajen haya masu sauƙi kusa da tashoshi ba, to waɗanda aka yi aikin dominsu su ne za su fara tattara kayansu su ƙara gaba, masu hali su maye gurbinsu. Ko ba tare da wani aiki ba ma hakan na faruwa. Makon jiya na kira ɗan yayan nawa, ya ce mai gida ya ƙara kuɗin ɗaki, yana neman wani a Auta Balefi, gaba da Masaka ta hanyar Keffi. Na tambaye shi yadda zai yi da zuwa aiki. Ya ce, "Kawu, sai dai in riƙa tashi uku da rabi." 'Yarsa ta fari tana aji biyu a firamare, ranar Lahadi kaɗai take ganinsa da rana.